Ɗan Dutsen da Ya Fi Ni Tuƙi

A kan gungu aka haife ni, a tsakiyar gulbin Kwara, ƙasa da Yelwa kaɗan. Gungu shi ne abin da wasu ke kira tsibiri, kuma ɗan gungu ba ya tuna ranar da ya koyi iyo, kamar yadda ba ya tuna ranar da ya fara tafiya. In za mu gonar albasa sai mu tuƙa jirgi, in za mu kasuwa mu tuƙa, ko gaisuwar mutuwa ce sai da filafili a hannu. Lokacin da nake saurayi babu tsarana da ke riga ni ƙetare ruwa. Inna takan ce kafaɗuna sun fi ƙarfin rigar kasuwa, sai dai a ɗinka.

Aka sa ni boko, daga nan na koyi aikin asibiti. Shekarar da aka samu mulkin kai ta same ni a Yelwa ina malamin asibiti, ina ba da magani da allura. Mutane suka laƙaba mini Likita, ni kuwa ban hana su ba. Na yi aure, na sayi keke. Tun safe ina zaune bayan tebur har la'asar, in na koma gida uwargida ta ajiye mini tuwon shinkafa da miyar kifi, in ci in miƙe ƙafa. Ban ankara ba wandona ya fara ƙorafi.

A cikin waɗannan shekarun aka turo mana sabon duba-gari. Mutumin kan dutse ne daga gabas da mu, Kirista, siriri kamar kara, mai yawan murmushi. Tsarana ne, kuma tare muke fita yi wa mutanen gungaye lambar rigakafi. Ranar da muka fara shiga jirgi tare ya kama gefe da gefe da hannu biyu, ya rufe ido, yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa har muka ƙetare. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da muka dawo ya same ni a bayan asibiti.

“Likita, ka koya mini ruwan ga. In aikina yana tsallake, ba ya yiwuwa kullum in je da ido rufe.”

Na yarda, don abin ya ba ni girma. Ranar Lahadi in ya fito daga coci sai mu gangara bakin kwata, inda jirage ke tsayawa. Na fara koya masa iyo a wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, sannan na miƙa masa filafili. Sai jirgi ya yi ta juyawa da shi a wuri ɗaya kamar katantanwa. Sarkawa masunta suna zaune suna gyaran koma, suna ƙyaƙyata dariya.

“Likita, ina ka samo wagga kaza? Kaza da ruwa ai sai a tukunya!”

Shi ma ya taya su dariya, ya sake tsoma filafili. Da na ga ya iya miƙar da jirgi, ni kuma rana ta fara damuna, na ce masa saura sai sabo. Na koma baccin Lahadi na, na manta da zancen.

Sai maganar madatsar ruwa ta Kainji ta zo, ta hargitsa kowa. Aka ce gungayenmu za su nutse, za a kwashe mutane a kai su sababbin garuruwa a tudu. Aiki ya ninka. Leburori masu komowa daga wurin ginin dam suna zuwa mini da raunuka, mutanen da aka tayar suna zuwa da zawo da zazzaɓi, don ba su saba da ruwan rijiya ba. Duba-gari kuwa nasa ya fi nawa. Yau yana wajen Shanga yana duba rijiyoyi, gobe yana hanyar Wara da Ngaski a kan keke yana faɗa da magina a kan inda za a haƙa masai. Wani lokaci sai in ga ƙura ta rufe masa gira.

Wata asuba aka kira ni wurin wani maras lafiya a unguwar bakin ruwa. Ina dawowa gari ya fara haske, na hango wani mutum yana tahowa daga tsakiyar gulbi a cikin ƙaramin jirgi. Na tsaya da keke ina kallo, don tuƙin ya burge ni. Filafilin na shiga ruwa ba fantsama, jirgin na tafiya kamar ana jan sa da igiya. Na ce a raina wannan Basarke ne ɗan gado. Da ya matso na ga ashe duba-gari ne, ba riga, kafaɗunsa sun buɗe, ƙirjinsa ya cika. Masuntan nan da suka kira shi kaza suka ɗaga murya:

“Agwagwar dutse! An fito lafiya?”

Ya amsa musu yana dariya, ya ja jirgi bakin gaɓa da hannu guda. Wani tsoho a cikinsu ya juyo ya gan ni, ya ce, “A'a, Likita ne? Yi hankali da laka, kada takalminka ya ɓaci.” Da ladabi ya faɗa, irin ladabin da ake yi wa baƙo. Ni da aka binne cibiyata a tsakiyar ruwan nan. Na hau keke ban jira mun gaisa da duba-gari ba.

Ranar ko abincin kirki ban ci ba. Na ce wa uwargida ai dole mutum ya samu lokacin wasa da ruwa in aikinsa leƙa tukwanen mutane ne kawai. Ta ce, “Kai dai ka san yana rigan ka fita, kuma ka riga shi dawowa.” Na ce ai ba shi da nauyin iyali kamar ni. Ta tuna mini cewa ni na je barkar haihuwar matarsa da kaina. Na ce to jikinsu ne haka, mutanen dutse, ba sa ajiye kitse. Ta dai kalli cikina, ta kwashe kwano.

Na yi niyyar komawa ruwa. Na tashi da asuba na ari jirgi, na yi kwana biyu ko uku. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi bororo. Sai aka kawo wani da maciji ya sara, na wuni a kansa, washegari na ce bari in huta. Hutun ya kai wata. Haka na yi ta yi: in fara, aiki ya zo, in ajiye, in ce da sauƙi ya samu zan koma. Sauƙin bai zo ba, don ginin dam na ci gaba mutane na ƙaruwa a ƙofar asibiti. Shi kuwa kullum in ya shigo da safe sai in ga gashinsa da sauran danshi. Danshin nan kaɗai ya isa ya ɓata mini safiya.

Na taɓa tambayarsa, cikin sigar ba'a don kada ya gane. Na ce, “Wai kai ba ka gajiya ne? Ko dorina ta yi maka alkawarin ɗiya?”

“Ina gajiya mana,” in ji shi. “Amma in na tsaya tambayar jikina ko yana so, bai taɓa cewa yana so ba. Filafilin a bakin ƙofa nake gicciya shi. In na fito sai na yi tuntuɓe da shi, to tunda na duƙa na ɗauka, sai in wuce. Kuma ka sani, can tsakiyar ruwa ne kaɗai ba mai biyo ni da ƙarar rijiya. Ka zo mu riƙa fita tare mana, kai da ka koya mini.”

Na ce masa ina da aiki. Gaskiyar kuwa, ba zan iya jure masunta su ga malami a baya, ɗalibi a gaba ba.

Da aka rufe dam ruwa ya fara hawa, aka kwashe mutanen garinmu zuwa sabon gari mai rufin siminti. Inna ta ce ba ta iya barci a ɗakin da ba ya numfashi, don haka na ɗauko ta ta zauna da mu a Yelwa. Babana ya daɗe da rasuwa, kabarinsa yana can gungu. Ba ta yi kwana nawa ba ta fara cewa in kai ta ta ga garin kafin ruwa ya rufe shi. Tana so ta tsaya a kan kabarin, kuma ta baro dutsen niƙanta, wanda masu kwasar kaya suka ce ya yi nauyi.

Na ce to, ranar Juma'a. Juma'a ta zo ƙyanda ta ɓarke a cikin yaran da aka kwaso, asibiti ya cika har baranda. Na ce mako mai zuwa. Aikin gaskiya ne, ba ƙarya na yi mata ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Gulbin da na sani ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa faɗi gare shi har ba a hango tsallake, in iska ta taso yana yin igiyoyi irin waɗanda ban taɓa gani ba, ga itatuwa a nutse suna jiran cikin jirgi. Na dubi hannuwana, ban amince musu su kai tsohuwa su dawo da ita ba.

Wata ranar Asabar na dawo da yamma a gajiye, na tarar da dutsen niƙa a tsakar gida, da sauran laka a gindinsa. Inna na zaune a tabarma, bakin zanenta a jiƙe, fuskarta na haske yadda ban gani ba tun da aka tashe su. Tana ba uwargida labari, rabi da Hausa rabi da Gunganci. Ruwa ya riga ya shiga gidanmu har gwiwa, in ji ta, amma makabarta na nan a tudu, ta tsaya ta yi addu'a. Duba-gari ne ya kai ta. Ya tsaya can nesa ya cire hula har ta gama, sannan ya ciccibi dutsen shi kaɗai ya sa a jirgi. A hanyar dawowa iska ta taso musu, bai ko girgiza ba.

“Ɗan ga,” in ji Inna, “tuƙinai irin na ubanka ne. Na rufe ido na ce ko shi ne ya dawo.”

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Ubana, wanda ya ɗora ni a cinyarsa ya kama hannuna a kan filafili. Tun da na girma Inna ba ta taɓa cewa tuƙina ya yi kama da nasa ba, sai ga shi ta ba da wannan yabo ga mutumin da ya shigo ƙasarmu da ido rufe.

Ranar Litinin na tare shi kafin ya jingine keke.

“Wa ya aike ka ka ɗauki uwata ka shiga ruwa da ita?”

“Ita ta tare ni a hanyar kwata. Ta ce ruwa ba shi jiran Likita.”

“Uwarka ce ko tawa?”

Murmushin nan ya ɓace. “Taka ce. Na zo in faɗa maka, na iske ka durƙushe cikin yara masu ƙyanda, na ga ba lokacin magana ba ne. In na yi laifi ka yi haƙuri.”

Haƙurin da ya ba ni ya ƙara mini zafi, don na so ya yi gardama in samu abin kamawa. Na juya na shiga ɗakin magani. Mun daɗe ba ma wuce gaisuwa.

Cikin makon nan na je sabon gari na karɓo tsohon jirgin kawuna. Ban ajiye shi a kwata ba, na kai shi wata mashaya can sama, inda masu albasa ke sauke kaya, don kada duba-gari ya gan ni. Da an sallame sallar asuba sai in zarce can. Farkon abin azaba ne. Hannu ya fashe, numfashi ya ƙi kai ni ko'ina, in dawo in zauna bayan tebur a galabaice. Akwai safiyoyin da na idar da salla na ce yau kam a'a. Sai in ji Inna ta fara niƙa a tsakar gida a kan dutsen nan, gurr, gurr. Ko uwargida ta hana ta sai ta yi. Da na ji ƙarar sai in ga kafaɗun mutumin nan yana ciccibar dutsen, sai in tsinci kaina a hanya. Da a ce likita ne ya ce in motsa jiki don lafiyata, da tuni na bari. Ai ni ma ina faɗa wa mutane haka, na san inda maganar ke tsayawa.

Sannu a hankali tafin hannu ya yi kanta, bel ya koma ramin da ya bari. Na fara sanin sabon ruwan: inda kan giginya ke leƙowa, inda kututture ke ɓoye, lokacin da iska ke juyawa. Wata safiya na yi nisa fiye da yadda na saba, sai ga jirginsa ya ɓullo ta bayan wasu itatuwa da suka nutse rabi. Muka haɗa ido. Can gaba akwai wani rimi da ruwa ya cinye har wuya, ni na fara kallonsa, shi ma ya kalla. Na tsoma filafili da dukan ƙarfina.

Mun tafi kai da kai har rabin hanya, har na fara jin daɗi. Daga nan ƙirjina ya ɗauki wuta. Na ga bayansa yana nisa, yana nisa, filafilinsa na shiga yana fita kamar ba abin da ya dame shi. Da na iso ya riga ya riƙe reshen rimin yana jirana. Na kifa kai a gefen jirgi ina haki kamar zan amayar da hanjina.

“Ashe ka yi nisa haka,” in ji shi. “Da masunta sunka ce mini kana fita ta mashayar albasa, ban zaci ka kai nan ba.”

“Masunta sun sani?”

“Tun ranar farko. Har gardama suke ko za ka kai kaka.”

Kifi na ganinka, mai jar koma. Duk ɓoyon da nake yi ashe gari na kallo. Na ɗebi ruwa na wanke fuska. Tunda asiri ya tonu, na mayar da jirgina kwata, muka koma fita tare. Kada a ɗauka zuciyata ta huce. Kullum da niyyar in wuce shi nake fita, kullum kuma bayansa nake kallo. Sau ɗaya na riga shi isa rimin. Na wuni ina murna, har sai da na tuna da safe na ji yana tari, kuma da ya iso ko haki ba ya yi. Har yau ban sani ba ko na ci shi ne, ko bari ya yi. Ban tambaya ba, don ina tsoron amsar.

Aiki bai ragu ba, sai dai na daina jiran ya ragu. Sababbin garuruwan duk a bakin tafki suke, motar da ke kai mu kuwa yau ta lalace gobe babu mai. Na ce wa shugabanmu a bar ni in riƙa kai magani garuruwan kusa ta ruwa. Sai in ɗaure akwatin magani a tsakiyar jirgi, in lulluɓe shi da tabarma, in tuƙa. Mutanenmu suka sake ganin ɗansu ya iso da filafili a hannu, tsofaffi suka daina yi mini Hausa suka koma Gunganci. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai kusan ko'ina na sauka, bayan gaisuwa, tambayar da ke biyowa ita ce, “Ina abokinka na dutse?”

Bayan 'yan shekaru aka yi masa canjin wurin aiki, aka mayar da shi ƙasarsu. Na raka shi tasha, muka rungumi juna, na dawo ina jin kamar an cire mini ƙaya. Amma da asuba ta yi na gangara kwata, na ga ruwa shimfiɗe ba bayan kowa a gabana, sai hannuna ya yi sanyi. Ba don rangadin magani ba da na koma gidan jiya. Rangadin ne ya riƙe ni, don yara marasa lafiya ba su san yau Likita ba ya jin tuƙi ba.

Da Kirsimeti ya aiko in zo in ga garinsu. Na tafi da buhun busasshen kifi da wani tunani da na ɓoye a ƙasan zuciya: shekara guda ke nan ba shi da gulbi, ni kuwa ban fasa ba, yanzu kam zan ga wanda wando ya matse. Na same shi yadda yake, sai ma duhu da ya ƙara. Matarsa ta yi mana tuwon dawa, aka yanka mini zakara na musamman da hannun wani maƙwabcinsu Musulmi.

Washegari da na idar da salla na same shi a tsaye a ƙofa da sanda biyu. Ya ce tunda ba ruwa, dutsen bayan gari yake hawa kafin ya tafi aiki, in zo in ga inda ake hango ƙasarmu. Na karɓi sanda da ƙarfin gwiwa. Ashe tuƙi hannu da baya yake ginawa, ƙafa ba ta da rabo. Ba mu kai rabi ba cinyoyina suka fara kuka. Na zauna a kan wani fa na ce takalmina ne ya shigar da tsakuwa. Ya tsaya can sama, hannu a ƙugu, yana nuna mini wani farin layi a yamma wai shi ne tafki. Ni ban ga tafki ba, ƙwaurinsa nake kallo, da jijiyoyi kamar an murɗa igiya.

Na kai ƙololuwa da rarrafe. Na kwana biyu a garin ina ɗingishi, ina ce wa mutane tsohon targaɗe ne. Ranar da na dawo Yelwa na ɗaga kekena na rataye shi a zaure. Uwargida ta fito ta tsaya tana kallona, ta ce, “Taya ce ta fashe?” Na ce a'a, daga gobe da ƙafa zan riƙa zuwa asibiti, kuma ta doguwar hanya, wadda ta bi ta kan tudun bayan kasuwa.

Ta ce, “To, me kuma ya yi maka wannan karon?”

Na ce ta kawo mini ruwan zafi in gasa ƙafa.